Ranar da Graciete Ta Daina Haɗiya

Cokali na uku ke nan Deolinda ta kai bakin yayarta, miyar tana dawowa ta gefen leɓe, tana gangarowa kan ƙyallen da aka ɗaura mata a wuya.

"Haɗiye mana, Yaya. Miyar kabeji ce, wadda kike zagina in na cika mata ruwa."

Graciete ta dube ta da idanu tas kamar na jariri. "Mama, jirgin ruwan Baba ya shigo?"

Shekara huɗu ke nan tana kiranta Mama. Tun a ta farko Deolinda ta daina gyara mata.

"Ya shigo. Ci tukuna."

Kusan duk wanda ke ɗakin cin abinci na gidan tsofaffin nan Deolinda ta san shi. Tare suka yi shekara talatin suna cire kan kifi a masana'antar gwangwani da ke bakin tashar jiragen ruwa. Ga Natércia can, wadda a da take ba da waƙa mata ɗari suna amshi, yanzu hannunta yana kaɗawa a kan tebur ba dare ba rana. Kujerar Zulmira tun bikin Ista babu kowa a kai. Iyayensu mata ba haka suka tafi ba. Zuciya ce take tsayawa, mace ta faɗi a kicin da wuƙa a hannu, tana sane da sunan kowane jikanta.

Wata ma'aikaciya ta taɓa kafaɗarta, ta ce Likita Abrantes yana son ganinta.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ƙwaƙwalwar Graciete ta manta yadda ake haɗiya, abin da ya shiga ma huhu yake tafiya. Ana iya huda ciki a sa mata bututun abinci, ta ƙara wasu watanni.

"Ɗanta ya bugo daga Suwizalan, Uwargida Deolinda. Ya ce abin da kika yanke shi ne."

"Ya kyauta wa kansa." Ta gyara jakar da ke cinyarta. "Likita, me ke cinye mu haka? Kifin ne? Ko sanyin ruwan da muka tsaya a ciki?"

"Ba garin nan kaɗai ba ne. A da zuciya ce ke ɗauke mutane da wuri. Mun iya gyaran zuciya, sai ƙwaƙwalwa take riga mutum tafiya." Ya murza idonsa. "Ko shi ke nan dalilin, ban sani ba. Abin da na sani, bana na fi rubuta wannan ciwo a takardar mutuwa fiye da kowane."

Deolinda ta tuna ranar da su biyu suka zo duba wata ƙawarsu, suka tarar da bututu a cikinta. A bas Graciete ta matse mata hannu ta ce, "In kika bari aka yi min haka, sai na dawo na riƙa ja miki ƙafa kina barci." Har suka sauka suna dariya.

"Ba za a sa ba," ta ce.

Ya turo mata takarda da biro. Ta rubuta Deolinda, sai hannunta ya tsaya. Sunan gidan mijinta, wanda take amsawa shekara arba'in da shida, ya ɓace mata. Tana ganin marigayin sarai, da hularsa, da haƙorinsa da ya karye, har warin tabarsa tana ji. Wurin sunan kuwa fili ne fetal.

"Bari in ɗauko tabarau," ta ce.

Ta buɗe jaka, ta karkata katin shaidarta ta yadda ba zai gani ba. Carrasqueira. Ta kwafe shi harafi bayan harafi, kamar sunan baƙo. Karo na uku ke nan da ta yi irin wannan mantuwa a watan nan. Na baya a kan titin gidanta ne, ta tsaya da burodi a hammata ba ta san ƙofarta ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da ta fito ba ta koma ɗakin cin abinci ba. Ta nufi teburin Benedita, sakatariyar gidan, 'yar maƙwabciyarta ta da.

"In mutum yana son wuri a nan, yaushe yake samu?"

"Shekara biyu. In hunturu ya yi tsanani, bai kai haka ba. Wa za a rubuta?"

Deolinda ta ajiye katin a gabanta.

"Ke da kika fi ni sauri a hawan tudu?" Benedita ta fara dariya, ta dubi fuskarta, dariyar ta tsaya. Ta jawo takarda ta cike, har ta zo layin ƙarshe.

"Wa za mu kira in wani abu ya taso? Wanda zai yanke shawara a madadinki."

Suna ɗaya ne ya zo wa Deolinda nan take, ba gargada ba laluɓe: Graciete.

"Bar wurin haka," ta ce.