Hatimin Hajja a Cikin Kwando

Ranar Asabar ce da safe, tsakiyar Disambar 2013. Kwana biyu ana ruwa a Alƙahira, ga wani sanyi da ko tsofaffin unguwa suka ce ba su san irinsa ba. Layin su Hajja Mahasin a Hadayek el-Ma'adi duk ya zama caɓi. Ina tsaye a ƙofar benensu, hannuwa cikin hammata, ina jiran motarmu, sai wayata ta yi ƙara. Usta Ragab ne, direban da nake yi wa yaron mota.

"Ya Munkaila, yau babu Hajja. Ka same ni a gareji."

"Kamar yaya babu Hajja? Ga ta can sama ta shirya tun asuba."

"Inshora sun dakatar da ita. Khalas, magana ta ƙare. Yalla, kar ka ɓata mini lokaci."

Ya kashe waya.

Ni ba mai zama wuri ɗaya ba ne. A aji uku na bar sakandare a Gusau, na biyo yayana Nata'ala da ke karatun fiƙihu a Madinat Nasr. Ya sa ni ajin Larabci, na gudu. Na sayar da rigunan waya a kasuwar Ataba, na wanke kwanuka, na yi dakon kaya. Wannan aikin ne kaɗai na daɗe a cikinsa: kamfani ne mai ɗaukar masu keken guragu zuwa asibiti, inshorar lafiya ta gwamnati ke biyansa duk tafiya. Usta Ragab yana tuƙi, ni ina sauko da mutane daga bene in mayar da su.

Hajja Mahasin ce dalilin daɗewata. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso za su Makka suka yada zango a bakin Nilu ba su ƙarasa ba. Ta auri Bamisire ma'aikacin gwamnati, ya rasu ya bar mata inshorarsa da ɗaki a hawa na uku. Ba ɗa, ba jika. Asabar, Litinin da Laraba ake yi mata wankin ƙoda. Ranar da na fara ɗaukarta na yi tuntuɓe na ce "wayyo", sai ta riƙe mini kunne ta ce, "Kai ɗan ina ne?" Tun daga nan ban ƙara fita ɗakinta da yunwa ba.

Na hau na same ta cikin kekenta, ta lulluɓe da bargo, jakarta a cinya. Na gaya mata.

"Sun dakatar da ni? Ni fitila ce?"

"Haka ya ce, Hajja."

"To ma'alish, ba komai. Zauna ka sha shayi, leɓenka ya yi fari."

Muka nemi tasi, babu wadda ta yarda ta shigo layin saboda ruwa. Ranar ba ta je ba. Zuwa Lahadi ƙafafunta sun kumbura, numfashinta ya yi nauyi, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Litinin na kira Nata'ala.

"Ɗan gudun makaranta, me kuma ka ɓata?" in ji shi.

"Yaya, ƙarti nake nema. Masu ƙarfi, ba masu gemu kawai ba."

Ya zo da abokan ɗakinsa biyu, littattafai a hammata. Muka sauko da ita, muka tura keken cikin caɓi har tashar jirgin ƙasa na metro, muka ɗaga shi sama kamar gadon sarauta muka hau matakala. Hajja tana ta ba da umarni daga sama: "Kai mai gilashi, a hankali, ba buhun albasa ba ce!" A hanya ƙaramar tayar gaba ta karye, muka ƙarasa da keken a kan tayoyin baya. Mun isa, amma ta galabaita ƙwarai, likita ya ce kada a sake kawo ta haka.

A asibitin ne wata nas ta gaya mana dalili. Wai takardun da kamfani ya kai inshora sun nuna ana ɗaukar Hajja kullum, har da Juma'a, har da kwanakin da take kwance a gadon asibiti cikin Nuwamba. Kowace takarda da hatiminta. Don haka ita ma ana zarginta.

Nan na tuna kwando.

Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san shi. Matan bene ba sa saukowa sayen burodi, kwando suke zuro wa mai kanti da igiya daga baranda. Hajja ba ta rubutu, tana da ɗan hatimin tagulla mai sunanta. Doka ita ce direba ya hau ta buga masa a takarda da hannunta bayan an dawo da ita. Amma Usta Ragab kullum gwiwa na yi masa ciwo. Sai ya danna hon, Hajja ta ce, "Jefa masa a kwando, kada bawan Allah ya wahala." Ni ne ma nake zura igiyar. Ya ɗauka, ya shige mota, ya ɗan jima, ya mayar har da lemun zaƙi biyu a ciki. Hajja ta yi ta sa masa albarka.

Na same shi a gareji na yi masa maganar. Bai ko musa ba.

"Kowa na yi, ya ibni, ɗana. Mai kamfani ne ya ce. Kuɗin gwamnati ne, na ubanka ne?"

"Amma ita aka hana mota."

"Za su mayar da ita, wata biyu, wata uku."

"Ba ta da wata uku, Usta."

Ya dube ni yana murmushi. "Za ka je ka faɗa? Kai da takardar zamanka ta mutu tun bara, za ka shiga ofishin gwamnati da ƙafarka? Sai dai in kawo maka burodi a wurin da ake tsare baƙi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro. Laraba ta zo, ɗaliban suna jarrabawa, ni kaɗai ba na iyawa, keke kuma a karye. Ta sake rasa wanki. Na zauna gabanta ina kallon yadda take jan numfashi, ta ce mini kada in je ko'ina, ita ta ci zamaninta. Wannan maganar ce ta tayar da ni.

Alhamis da safe Nata'ala ya ari keke a wani masallaci, ya tsayar da tasi a bakin babban titi, muka nufi ofishin inshora a Wustul Balad, tsakiyar gari. Hajja ta ce a ɗauko kwandon, da igiyarsa.

A ƙofar ofishin mai gadi ya miƙo hannu. "Fasfo."

Kafin in buɗe baki Hajja ta daka masa tsawa da Larabcinta na Sudan: "Ɗana ne! In ka hana shi, kai za ka tura ni, kai za ka kai ni banɗaki!" Mutumin ya ja da baya ya buɗe ƙofa.

Aka kai mu wurin wata mata mai suna Madam Amna, gilashi a kan hanci, tulin takardu a gabanta. Ta zaro ɗaya.

"Ya Hajja, wannan hatiminki ne?"

"Nawa ne."

"Wa yake riƙe da shi?"

"Kwando."

Madam Amna ta cire gilashi. Hajja ta ɗora kwandon a kan tebur, ta jefa hatimin ciki, ta ce in nuna. Na kama igiya na zura shi ƙasa ta gefen tebur, na yi bayani da guntun Larabcina, Nata'ala yana gyara mini. Na faɗi ranakun da muke zuwa, na faɗi lemun zaƙi. Wata ma'aikaciya a gefe ta tuntsire da dariya ta ce mahaifiyarta ma haka take yi da mai karanta mita.

Madam Amna ba ta yi dariya ba. "Za ka sa hannu a kan abin da ka faɗa?"

"Zan sa."

"Ina takardar zamanka?"

Ta daɗe tana kallona, ta kalli ƙafafun Hajja da suka cika takalmi suka tumbatsa.

"Ni aikina mota ne," in ji ta. "Rubuta sunanka a nan."

Ta ɗaga waya a gabanmu. Da yammacin ranar aka yi wa Hajja wankin gaggawa, Asabar kuma motar wani kamfani ta tsaya a ƙofar bene, direban ya hau da ƙafarsa har hawa na uku. Hajja ta buga masa hatimi, ta tsare shi sai da ya sha shayi.

Abin da ya faru da Usta Ragab da mai kamfaninsa ban sani ba, Usta ma ya toshe lambata. Nata'ala ya yi ta zirga-zirga har ya sake sa ni ajin Larabcin da na gudu, aka sabunta mini takarda. Ina zuwa, ko da ba kullum ba. Asabar, Litinin da Laraba dai malamin ya san ba ya ganina da safe, ina raka Hajja asibiti. Har yau in na tuna mai gadin nan da hannunsa a miƙe, da matar da ta ce aikinta mota ne, da ɗaliban da suka ɓata fararen jallabiyoyinsu, sai in rasa wa zan fara yi wa addu'a.

Abin da muka rasa ba shi da yawa. Hajja ta rasa wanki biyu da tayar keke ɗaya. Abokin Nata'ala mai gilashi ya rasa takalmi ƙafa ɗaya a caɓi. Ni na rasa aiki da albashin wata guda. Kwandon kuma mun manta da shi a kan teburin Madam Amna.