Kusurwa ta Huɗu

"Warware," in ji Mama Rifkatu.

"Mama, tun hantsi fa nake kan wurin nan."

"Na sani, ai ina zaune. Warware, Baban Lubna. Ka ga yadda ya naɗe kamar kunnen akuya? Jariri za a sa a ciki, ba ƙosai ba."

Na dubi kusurwar shawul ɗin da ke kan cinyata. Gaskiyarta ce, ta tattare ta yi sama. Na zare kibiyar saƙa na fara jan zare, aikin awa biyu yana komawa ƙwallo a gaban idona.

Ni Zakariyya ne, shekarata hamsin da huɗu, da furfura a gemu. Na yi shekara goma sha bakwai a masaƙa kafin a rufe ta, amma ban taɓa riƙe zare ba, don aikina shi ne rubuta sunayen waɗanda suka makara. Tun daga nan nake abin da matata ke kira "neman hanya", wato zama a benci a ƙofar gidanmu a Hayin Banki ina gyara wa gwamnati kurakuranta.

Mama Rifkatu kuwa katangarmu ɗaya. Tsohuwar malamar makarantar 'yan mata ce, ta koyar da girki da saƙa har ta yi ritaya. Lokacin da 'yan cocinsu da yawa suka koma ƙetaren kogi, ita cewa ta yi ba ta iya ɗaukar bishiyar gwaibarta a ka, ta zauna. Shekara talatin da wani abu, babu jaririn da aka yi wa suna a layinmu ba a cikin shawul ɗinta ba. 'Yata Lubna ma a cikin nata aka fito da ita. Yanzu Lubnar ce ta dawo gida da cikin fari, wata tara ya kama.

Mama ta gama tsakiyar shawul ɗin, fari sol, mai huda-huda kamar leshi, ta fara sa masa baki, sai hawan jini ya taɓa mata hannun dama. Ranar da na kai mata kunun da matata ta dama, na same ta a baranda tana kallon kibiyoyin kamar sun yi mata rashin kunya.

"Miƙo hannuwanka," ta ce.

Na miƙa, ina zaton addu'a za ta yi mini. Sai ta rataya mini zare. Kwana biyu ina aikin turke, a rana ta uku aka yi mini ƙarin girma, aka ba ni kibiya. Na ce ai akwai mata a layin.

"Mata suna da aiki," ta ce. "Kai kaɗai ne na leƙa na gani da ƙarfe goma na safe."

Yadda ake sa bakin, ba wai a saƙa shi daban a zo a ɗinka ba ne. A jikin shawul ɗin ake saƙa shi, a kwance, ido goma sha ɗaya. Ido shi ne kowane ɗan madauki na zare da ke kan kibiya. Ka tafi waje, ka dawo, in ka dawo sai ka haɗa idonka na ƙarshe da ido ɗaya na jikin shawul. Haka bakin zai yi ta cin gefen a hankali, yana fitar da tsini-tsini da take kira haƙora. A kusurwa kuwa, ido ɗaya sau uku ake shigarsa, shida kafin kusurwar, shida bayanta, don bakin ya samu wurin juyawa. Ni kuma da na ga hannuna ya fara sabawa, sai in manta in wuce a guje.

Kusurwar farko ita ta yi da hannunta tun tana lafiya. Ta biyu ce muka warware sau uku.

Yahaya mai faci, wanda rumfarsa ke kallon barandar, shi ya fi kowa jin daɗin wannan lamari.

"Hajiya Zakariyya, ina kwana? Ya aiki?"

"Lafiya lau. Je ka hura tayarka."

"In kin gama, a yi mini hular sanyi, mai tuntu."

"Yahaya," in ji Mama, ba ta ko ɗaga kai ba, "kai ma a nawa aka naɗe ka, kuma ka yi mini fitsari a ciki tun kafin liman ya shafa fatiha. Matarka wata nawa yanzu?"

Ya sosa ƙeya. "Biyar, Mama."

"To ka rage baki."

Da ya koma rumfarsa, sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Nasa kam ban sani ba ko zan kai."

Na yi kamar ina ƙirga ido.

Ranar Asabar ɗanta Elisha ya zo daga Barnawa da mota. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar. Ya durƙusa a gabanta.

"Mama, ɗaki na nan an gyara. Asibiti kusa. Don Allah."

"In an gama wannan."

"Saƙa ce fa, Mama. Sai in sayo shawul a kasuwa, mai kyau, a ba su."

Ta dube shi irin kallon da na tabbata 'yan aji uku sun sha shi a zamaninta. "Na kasuwa bai san sunan kowa ba. Ni na karɓi Lubna a hannun unguwarzoma. Ba zan bar layin nan da jariri tsirara a bayana ba."

Elisha ya ja ni gefe, wajen gwaibar. "Baba, saura nawa?"

"Gefe biyu da kusurwa biyu."

"Kwana nawa ke nan?"

"In ita ce, uku. In ni ne, sai abin da Allah ya yi."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce zai riƙa kwana a nan. Daga ranar na daina zaman benci. Gwamnati ta ci gaba da kurakuranta ba mai gyara mata.

Kusurwa ta uku a ɗakinta muka yi ta, ƙofa a buɗe, ruwan sama yana dukan kwano. Ba ta iya zama sosai, idonta a rufe. Da na gama na ɗora mata a kan hannun hagu. Ta bi ta da yatsu, haƙori bayan haƙori, ta shafa ta a kan katifa ta ji ta kwanta.

"Wa ya yi maka?"

"Ni na yi, Mama."

"Hm," ta ce. A shekarun da na san ta, ban taɓa jin ta ba wani maki sama da wannan ba.

Lubna ta sauka ranar Talata da safe, mace. Na shiga na gaya wa Mama tun ban cire takalmi ba.

"Mun gode wa Ubangiji," ta ce. "Ka yi sabuwar amarya, tsohuwar ta huta da kai. Haƙora nawa suka rage?"

"Goma sha tara, da kusurwa."

"Suna Talata. Zauna."

Na zauna. Ranar Laraba da yamma matata ta naɗo jaririyar a zani ta kawo mata, aka ɓoye shawul ɗin a ƙarƙashin matashi, don dokar Mama ce uwa da kaka ba sa ganinsa sai ranar suna. Mama ta taɓa tafin ƙafar yarinyar da babban yatsa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina haƙori na bakwai, tana jingine, tana ƙirga mini da baki kamar kullum. "Tafi. Dawo. Haɗa." Na tafi, na dawo, na jira "haɗa", ban ji ba. Na ɗaga kai. Bakinta a ɗan buɗe, hannunta na hagu a kan ƙwallon zaren. Na kira Elisha daga tsakar gida. Ban san dalili ba, sai da na haɗa idon nan kafin na ajiye kibiyar.

Kafin azahar layin ya cika. Matan zumunta na cocinsu suka zo da zannuwansu iri ɗaya, suka zauna a baranda suna waƙa a hankali. Matan layinmu suka ɗora tukwane. Yahaya ya rufe rumfarsa, shi ya kafa rumfunan zaman makoki, shi ya yi ta jido kujeru a ka. Ranar Asabar aka ɗauke ta zuwa garinsu, can wajen Zonkwa. Muka raka motar har bakin titin Kawo. Kafin su tashi Elisha ya miƙo mini wata tsohuwar jakar leda mai zif, da shawul ɗin da kibiyoyinta duka a ciki.

"Tun ranar Lahadi ta ce naka ne. Ta ce kada in gaya maka, za ka yi girman kai."

A ranar na yi kusurwa ta huɗu, a bencina. Ban san inda hankalina yake ba. Sai ranar Litinin da la'asar, da na zagayo na iso inda ta fara, na lura da abu biyu. Na farko, kusurwar ta naɗe, kunnen akuya sak. Na biyu, ba ta taɓa koya mini yadda ake rufewa ba. Ga ido goma sha ɗaya a kan kibiya, ga farkon aikinta yana kallona, ban san yadda ake gabatar da su ga juna ba.

Na karya doka, na kira matata.

Ta dubi shawul ɗin, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwati. Ta fito da wani shawul da ya koma ruwan madara don tsufa, yana warin kafur.

"Na Lubna ne. Duba yadda ta rufe wannan."

Muka baje shi a kan benci muna neman wurin, da ƙyar muka same shi. Da allura ta bi, ido ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Zaren ya yi ta harɗe mini, sai na ji an ɗauke ƙwallon daga cinyata. Yahaya ne, ya goge hannuwansa da tsumma, ya tsuguna yana sakar mini zaren kaɗan-kaɗan. Bai ce Hajiya ba, ni ma ban tuna masa ba.

Da na gama na ce zan warware kusurwar.

"Ka warware me?" in ji matata. "Gobe ne fa. Kawo in wanke."

"Da tana nan, da ba ta yarda ba."

"Da tana nan, da ta ce hm. Kawo."

Ranar suna da yamma aka fito mini da amaryata in gan ta, tsakar gida cike da mata. Kowa ya san inda hannun Mama ya tsaya, ya san inda nawa ya fara, ko makaho zai gane da lalube. Lubna ta juya shawul ɗin ta rasa yadda za ta yi da kusurwar da ta naɗe, sai ta ɗora ta a kan yarinyar. Ta zauna mata daidai, kamar hula, haƙoran sun zagaye goshinta. Wata tsohuwa ta ce sabon yayi ne, na ce eh, daga waje aka kawo shi.

Washegari da safe na fito, an share layi, an kwashe kujeru. Barandar Mama a kulle, gwaiba biyu sun faɗo a kan dakalin. A kan bencina akwai baƙar leda, a ciki ƙwallon zare huɗu, ruwan ƙwai. Na dubi ƙetaren hanya. Yahaya ya sunkuya a kan wata tayar babur, ya tsoma ta a ruwa, yana ta neman inda take yoyo.