Sha Shida a Kujerar Ƙarshe

Duk Talata da hantsi bas kan kwashi 'yan fansho daga Umlazi zuwa gidan cacar bakin teku, kuma duk Talata Baba Hlongwane ke riga kowa ɗarewa kujerar ƙarshe a teburin kartar ishirin-da-ɗaya. Kujerar nan ba mai ƙaunarta. Wanda ke kanta shi ne na ƙarshen karɓar kati kafin mai rabo, wato mai raba katin, ta ja nata, saboda haka in aka yi asara, shi ya cinye katin mutane. In aka ci kuwa, ko sannu ba mai ce masa.

Shi ba wasan ya iya ba. MaShezi ce ke zama a kujerar da ke gefe, kuma shekara biyu ke nan yana son ya ce mata ta zo su ci abincin rana tare, baki ya ƙi buɗuwa. Mutumin da ya shekara talatin yana raba wasiƙu yana artabu da karnukan unguwa, wai shi ne yake rawar murya gaban tsohuwar nas mai jan hular ulu!

Munsami, tsohon mai gyaran firji, shi ya naɗa kansa sarkin teburin. Tun makon jiya ya yanke hukunci: Hlongwane ya ƙara ɓata musu wasa sau ɗaya, ya bar kujerar nan har abada.

Ana cikin wasa Hlongwane ya samu goma da shida. Katin mai rabo goma. Munsami na da sha takwas, MaShezi na da sha tara, ta ɗora kuɗin da ta ce na gyaran gashinta ne. Kowa ya gama, saura shi.

Sha shida kuwa masifa ce. Ka tsaya, abu kaɗan mai rabo za ta samu ta wuce ka. Ka nemi ƙari, kowane kati da ya haura biyar ya zarce da kai ishirin da ɗaya, ka ƙone. Gaba kura, baya sayaki.

“Tsaya, dattijo,” in ji Munsami. “Kada ka taɓa mana katin nan.”

“Ai masana sun ce a nan ƙari ake nema,” Hlongwane ya ce a hankali.

“Waɗanne masana? Su za su mayar mana da kuɗinmu?”

Mai rabo, yarinyar da ta yi sa'ar jikarsa, ta ɗora hannu kan akwatin karta tana jira. “Baba, ƙari ko tsayawa?”

Gumi ya keto masa duk da sanyin na'urar ɗakin. Ya cire hula, ya mayar. Ya sake ƙirga goma da shida da yatsu, ko Allah zai sa su zama sha bakwai. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in ya rasa kujerar nan, sai dai ya riƙa hango hular ulu daga nesa.

MaShezi ta kurɓi shayinta, ba ta ko dube shi ba. “Mai sha shida, ko ya ja ko ya tsaya, faɗuwarsa ta fi yawa,” ta ce. “Ni dai na gaji da mazan da ke zaune suna jiran wani ya ƙone musu.”

Hlongwane bai san lokacin da yatsansa ya ƙwanƙwasa teburi, alamar neman ƙari, ba.

Shida. Ishirin da biyu. Ya ƙone ƙurmus.

Mai rabo ta ja nata, sai ga katin sarki mai darajar goma, ta yi ishirin cif, ta share teburin tas har da kuɗin gyaran gashi.

Munsami ya miƙe tsaye yana tafa hannu. “Kun gani ko? Da ya tsaya, shidan nan nata ne, ta yi sha shida, dole ta ƙara, sarkin nan ya ƙone ta! Da yanzu dukkanmu mun ci! Tashi, malam mai wasiƙa. Tashi ka koma wajen injinan cacar da ake ja da hannu, can ba ka cutar kowa sai kanka.”

Hlongwane ya sauko daga kujerar jiki a sanyaye, ya kasa haɗa ido da kowa. Sai ya ji ƙarar zip. MaShezi ce ta zuge jakarta, ta sauko ita ma, fuska ba annuri.

“Mama, ki yi haƙuri,” ya fara, “wallahi ni...”

“Ka ƙona min sha tara,” ta katse shi. “Wuce mu je ka saya min burodi da miyar wake, kada su cika yaji. Shekara biyu ina jira ka buɗe baki ka nemi wani abu a teburin nan, ka tashi nema sai ka ɓuge da shida.”