Kwali Sittin

Karo na uku ke nan Darakta yana ɗaga hannu zai ce a fara, Baba Kwali yana shiga gaban kyamara.

"Wai me kuma?" Darakta ya cire hularsa ya maka da ƙasa. "Baba, rana za ta faɗi!"

"Ta faɗi mana. Ita ba ta da ƙashin baya."

Baba Kwali ne mai tsara faɗa da faɗuwa a fim ɗin. Duk mari, duk tsalle, duk motar da za ta kife, sai ya auna kafin wani ya motsa. Sunan kuwa a aiki ya samo shi. In mutum zai diro daga sama, kwalaye yake jerawa hawa uku, babu komai a cikinsu, ya liƙe bakinsu, ya shimfiɗa katifa a kai. Kwali ya lotse, ƙashi ya tsira. Dokarsa ɗaya ce: duk jerin da ya ɗauke ido daga kansa, sai ya sake shurin kowane kwali ya ji ƙarar fanko. Yau kuwa ya tafi cin abinci na rabin awa.

"Da safe fa ka shure su!" in ji Darakta.

"Da safe na ci abinci ma, ga shi na sake ci."

Daga barandar hawa na biyu aka fashe da dariya. Tsalle ne, mai dirowa a madadin jarumin fim, sanye da jar rigar jarumi da gashin aro. Ƙanin matar Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da za su fito da safe ta tare bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "In ka dawo min da ɗan'uwa yana ɗingishi, ka nemi wajen kwana."

"Mijin Yaya," Tsalle ya leƙo, "ka bar ni na diro, gashin nan ƙaiƙayi yake min!"

"Ka sosa. Kada ka kuskura ka motsa daga nan."

Ya janye katifar, ya fara sauke kwalayen yana shuri. Ɗaya. Biyu. Goma sha bakwai. Mai kyamara ya zauna a kan akwatinsa ya yi tagumi. Jarumin fim, da ke kishingiɗe ana masa fifita, ya ce shi fa a fim ɗinsa na baya da kansa ya diro.

"Daga kan benci," in ji Baba, bai ko waiwaya ba. Ashirin da tara. Talatin.

"Na rantse wannan ne fim na ƙarshe da zan yi da kai!" Darakta yana binsa a baya yana nuna masa agogo.

"Bara ma haka ka rantse."

Talatin da ɗaya na tsakiyar hawa na biyu ne, daidai ƙarƙashin inda ya zana alama da alli a kan katifa. Ya zabga masa shuri. Kwalin bai motsa ba. Baba ya riƙe ƙafa ya zauna daɓas yana salati.

Da aka yage bakin kwalin, bulo biyu ne a ciki.

Tsalle ya cire gashin aron a hankali.

"Wa?" Abin da Baba ya iya cewa ke nan.

Mai shirya kayan wuri ta matso tana murza gefen mayafinta. "Baba, iska ce take girgiza su, mai kyamara ya ce gefen katifar yana rawa a hoto. Sai na ce bari na saka a na tsakiya ya danne sauran. Har na liƙe shi da kyau."

"Kin liƙe shi da kyau." Ya dube ta, ya dubi mai kyamara da ya shiga goge gilashin da babu ƙura. "Sannunki da ƙoƙari."

Darakta ya tsinci hularsa ya kaɗe. "To… sauran nawa?"

"Ashirin da tara."

Da ƙafar hagu ya ƙarasa su, yana dafe da kafaɗar Darakta. Babu wanda ya sake ambaton rana. Aka jera, aka shimfiɗa, Baba ya ɗaga hannu da kansa. Tsalle ya diro, jar riga tana kaɗawa, kwalaye suka lotse buf! Ya miƙe yana washe baki.

Bayan magariba suka isa gida, Baba a rataye da wuyan Tsalle, babban yatsansa ya kumbura ya ƙi shiga takalmi. Matarsa ta wuce shi, ta juya ƙaninta gaba da baya, ta taɓa gwiwa, ta taɓa wuya. Sai da ta gamsu sannan ta dubi mijin.

"Kai kuma daga ina ka faɗo?"

"Ki dai matsa na shiga," ya ce. "Kuma a dafa min ruwan zafi."