Mayafi a Bakin Sufacaja

Saura ƙiris in bar labarin nan ban rubuta ba. Mai shi ba ta son a riƙa nuna ta, ni kuma ban saba da dogon rubutu ba. Amma duk wanda ya ba da shi a garinmu motar kawai yake yabo, shi ya sa na ce bari in faɗe shi yadda ya faru.

Motar ta Sha'aibu ce, yayan Sharifa. Tsohuwa ce, ja, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare. A Maigatari ya same ta, a bayan garejin da ya koyi kanikanci, kaji suna ƙwai a kan kujerarta. Da igiya aka jawo ta har ƙauyensu da ke arewa da Ɗanzomo, ya daɗe yana lallaɓa ta kafin ta tashi. Da ta tashi kuma bai tsaya nan ba. Ya ce injin ya tsufa, numfashinsa ya yi kaɗan, sai an ɗora masa sufacaja.

"Yaya, mene ne kuma sufacaja?" in ji Sharifa, ranar da ta kai masa abinci ta tarar da shi rungume da wani ƙarfe.

"Kin san zugazugin maƙera? To shi ne. Bel ne ke juya shi, shi kuma ya yi ta ɗura wa inji iska. Iska ta wadata, mai ya ci da kyau, sai ki ga tsohuwa ta koma budurwa."

"In kuma tsohuwar ta ƙware fa?"

"Ke, bakinki! Ajiye kwanon ki tafi."

Da shi kaɗai take iya irin wannan magana. In da baƙo a ƙofar gida, Sharifa ba ta iya ɗaga kai, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ko aiken kanti aka yi mata, sai ta tsaya an watse kafin ta faɗi abin da take so.

Baffa, ƙanen mahaifinsu wanda ya riƙe su tun suna ƙanana, bai taɓa kiran motar da sunanta ba. Makara mai taya yake ce mata.

"Ku zama shaida," ya kan ce, "ko a mace kada wanda ya sa ni a cikin abin nan."

Aikin ya kusa kammala, abu ɗaya ya rage. Sufacajar ta yi wa wurin girma, har sai da Sha'aibu ya yanke murfin injin, bakinta ya leƙo waje kamar bakin tulu. Tsohuwar filtar iska ba ta shiga ba, wadda ya sa direba ya taho masa da ita daga Kano kuma ba ta iso ba. Saboda haka a tsaye yake gwada motar, sai ya yayyafa ruwa a ƙasa tukuna.

"Abin nan ba ya zaɓe," ya gaya wa Sharifa. "Iska, yashi, tsakuwa, duk haɗiya yake. In na hau hanyarmu haka, kafin mu ga kwalta yashi ya niƙe injin."

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari. Tun da sassafe duk baburan garin suka tafi, maza ma suka bi su. Baffa ya tafi gona kakkaɓe riɗin da aka jingina dami-dami ya bushe. Da hantsi ya dawo yana ɗingishi, ya ce ƙaya ce, ya shige ɗaki. Sai bayan azahar, da Sharifa ta ga bai fito alwala ba, ta leƙa da buta.

Ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana ƙyalli. Kusa da shi ga saiwar da ya tauna ya shafa, ga kuma ƙasa inda yake tofar da yawu. Yawun ja ne.

"Baffa, ba ƙaya ba ce."

"Kububuwa ce," ya ce a hankali. "Tana ƙarƙashin dami. Kada ki tara min jama'a."

Ba ta san lokacin da ta isa rumfar da Sha'aibu yake aikin motar ba. Shi ma da ya ga jinin da ke fita daga dasashin Baffa, bai tsaya tambaya ba. Allurar sara sai babban asibiti a Gumel. Ya kira wannan a waya, ya kira wancan, duk suna tsakiyar kasuwa, wanda ya ɗauka ma ya ce sai ya sauke kaya tukuna. Sha'aibu ya juya ya dubi motar, ya dubi hanyar yashi da ta miƙe tsakanin gonaki.

"Ummulkhair!" ya kira matarsa. "Kawo min ƙyalle mai laushi, wanda iska ke wucewa. Da rariya, ƙaramar."

Ummulkhair ta fito da goyo a bayanta, ta miƙo rariyar tankaɗe da ƙyallen tatar koko. A cikin gida babu abin da ya kai shi laushi, kowace mace ta san haka. Yana da ɗan danshi, don ba a daɗe da tace gasara da shi ba.

"Danshin ma ya fi," in ji Sha'aibu. "Zai kama ƙura."

Ya kifa rariyar a bakin sufacajar don kada ta zuƙe ƙyallen, ya shimfiɗa shi a kai, ya ɗaure da robar taya.

Su biyu suka ɗauko Baffa. Da ya ga inda za a sa shi, sai ya riƙe ƙofar.

"Na ce ko a mace..."

"Ai ba ka mutu ba, Baffa," in ji Sha'aibu. "Da rai ba ka hana ba. Sa kanka."

Aka kwantar masa da kujerar gaba. Bayan motar ko akuya sai ta lanƙwasa, Sharifa ce kaɗai za ta iya shiga. Ta duƙunƙune ta tallafi kan Baffa da hannu biyu.

Injin ya tashi da wani irin kuka siriri a saman rugugin da ta saba ji, kamar ana wasa wuƙa. Motar ta zabura, cikinta yana shafar yashi. Gonakin zoɓo suka fara wucewa ja-ja ta taga. Sha'aibu bai sake mata sosai ba, yana ba ta wuta yana sassautawa, idonsa ɗaya a hanya ɗaya a allurar zafi.

"Baffa, yi min magana," in ji Sharifa.

"Me zan ce? Riɗina yana can a zube."

"Za a kwashe."

"Tsuntsaye za su kwashe."

Ta goge masa baki da gefen zanenta, ta ɓoye wurin don kada ya gani.

Sun wuce rabin yashin sai kukan ya canza. Motar ta fara ja da baya-baya kamar an riƙe mata wutsiya. Sha'aibu ya taka totur, ta yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta baya. Ya sake takawa. Ta yi shiru, ta gangara kaɗan, ta tsaya a tsakiyar fili inda babu gida babu bishiya.

"Innalillahi," in ji Sha'aibu. Ya fita da gudu.

Sharifa ta jingina kan Baffa da kujera, ta ratsa ta kujerar direba ta fito. Ta tarar da yayanta yana taɓa wayoyi, yana jan bel, yana magana shi kaɗai.

"Mai yana zuwa. Wuta tana zuwa. To mene ne? Mene ne?"

Ita ba ta san waya ba, ba ta san bel ba. Ƙyallen ta sani. Ta kai hannu ta taɓa shi, ta ji ya yi ƙarau kamar busasshiyar fata. Ta ƙwanƙwasa da farce, farin gari haɗe da ƙura ya zubo.

"Yaya, ba a wanke shi ba. Gasarar ce ta bushe."

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya fizge robar, ya kara ƙyallen a baki ya hura. Ko kaɗan iska ba ta wuce ba. Zafin inji ya dafa ƙullun, ya toshe kowace ƙofa.

"Mun shaƙe ta da hannunmu," ya ce. Ya jefar da ƙyallen. "Shiga mu tafi haka."

"Kai ka ce yashi zai niƙe injin kafin kwalta."

"Na faɗa! To me zan yi? In zauna in zuba wa Baffa ido?"

Ya cire rigarsa ya hura, yadin ya yi kauri, ga maiƙo. Ruwan da za a wanke ƙyallen babu, garin sauri ba wanda ya tuna da jarka. Daga cikin mota suka ji Baffa yana kakari.

Sharifa ta kama gefen mayafinta. Shara-shara ne, ruwan toka, wanda ba ta fita ko ƙofar gida sai da shi. Ta kai shi baki ta hura, kamar yadda ake gwada sabon ƙyallen tata a kasuwa. Ta ji iskar a tafin hannunta. Ta ninka biyu ta sake hurawa, ta wuce. Ta ninka huɗu, ta wuce da ƙyar-ƙyar amma ta wuce.

Ta tuna Gumel, da titi, da mutanen da ke zama a ƙofar asibiti. Daga ita sai riga da zane da ɗan kallabi. Hannunta ya ƙi sakin mayafin. Baffa ya sake kakari, wannan karon ya fi tsawo.

Ta zare shi ta miƙa. "Ninki huɗu. Ɗaura."

Sha'aibu ya karɓa, bai ma dube ta ba, kuma ta gode masa a ranta. Ya ɗaure, suka shiga. Ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani ya mutu. Ya sake. A karo na gaba motar ta kama, baƙin hayaƙin ya washe, kukan nan siriri ya dawo. Ta gilashi Sharifa tana ganin mayafinta ya lotsa cikin rariya, gefunansa suna kaɗawa.

"Baffa. Baffa!"

"Ina ji," ya ce, idonsa a rufe. "Kunnena ba a ƙafa yake ba."

Da tayoyin suka hau kwalta a Ɗanzomo, Sha'aibu ya ce, "Riƙe shi da kyau." Sai ya sake mata.

Sharifa ba ta taɓa sanin abu zai iya gudu haka ba. Wani abu ya danna ta jikin kujera, bishiyoyi suka haɗe suka zama bango ɗaya. Suka wuce wata motar buhuna kamar a tsaye take. Can gaba garken shanu yana tsallaka titi, Sha'aibu ya danne oda, makiyayin ya ɗaga sanda yana kora, suka bi ta ratar da ta buɗe tsakanin saniya da ɗan maraƙi. Ba ta yi ihu ba. Bakinta yana kunnen Baffa tana ta maimaita masa salati.

Sai wata ƙara ta fara fitowa daga injin, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Zafi ne. Tsohon injin ba zai iya da iskar ba."

"Rage mana."

"In na rage zai huce." Ya saci kallon Baffa, ya ga jini yana bin gemunsa. Allurar zafi ta riga ta taɓa ja. Ƙafarsa ba ta ɗaga daga totur ba.

Sun shiga Gumel tururi yana fita ta ramin murfin. Suna hango ƙofar asibiti sai wani abu ya yi fam a cikin injin, ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Sha'aibu ya cire giya, motar ta ci gaba da gangarawa shiru, tana rage gudu, tana rage gudu, har ta tsaya ɗan nesa da ƙofar.

Wurin cike yake da masu shayi da 'yan acaɓa da masu jiran marasa lafiya. Duk suka juyo. Sha'aibu yana kokawa da kujerar Baffa da ta maƙale. Sharifa ta fito ba mayafi, ta ji idanu a wuyanta da kafaɗunta kamar zafin rana. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta sake buɗewa.

"Ku taimaka! Sarar maciji ce! Ku kawo gado!"

Ita kanta ba ta gane muryar ba. Mutane suka taso a guje, aka ciccibi Baffa, ta bi su tana riƙe da kansa har cikin ɗaki. Sai da aka ɗaura masa ruwa aka fara allurar, wata tsohuwa mai jinyar jikanta ta yafa mata zane a kafaɗa.

Wajen magariba jinin ya tsaya. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri da labarin ya canza. Baffa ya buɗe ido ya nemi Sha'aibu.

"Ina makarar?"

"Tana waje. Ta ƙone gasket ɗin kan inji, wataƙila har da abin da ya fi haka."

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba, Baffa."

Can tsohon ya ce, "In an sheƙe riɗi, ka duba abin da take bukata. Amma a babur zan koma gida."

Washegari da safe, bayan ta ba Baffa kunu, Sharifa ta yafa zanen tsohuwar ta fita wurin motar. Raɓa ta sauka a kan murfinta, Sha'aibu yana barci a kujerar direba da baki buɗe. Ba ta tashe shi ba. Ta kwance robar a hankali, ta ɗauke mayafin daga kan rariya. Ya yi baƙi a tsakiya, zagaye kamar gindin tukunya. Ta warware ninkin ta kakkaɓe, yashi mai laushi ya zubo har ya rufe mata yatsun ƙafa.

Ta kai shi famfon asibiti ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, ta hura ta ji iska tana wucewa. Baƙin zagayen bai fita ba. Ta shanya shi a kan murfin motar, ta ɗora dutse a gefe don kada iska ta ɗauke, ta koma ciki wurin Baffa.