Tsintsiyata da Mangwaron Inkil

Da na yi ritaya na rasa abin yi, sai Allah ya haɗa ni da na'urar gano ƙarfe a shagon Obiefuna mai kayan gwanjo. Tsohuwa ce tukuf, fentinta duk ya goge, ga lasifika mai ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Obiefuna ya ce, "Oga, sabo yana ƙarya, wannan ba ya ƙarya." Ni kuwa na ɗauki maganar ɗan kasuwa na haddace.

Matata Habibatu ta raɗa mata suna tsintsiya, wai duk filayen unguwarmu ta Ɗan Iya na share su, ban da tsakar gidanmu. Abin da na tono bai wuce marafan lemo da ƙusoshi ba, sai anini guda da nake nuna wa duk baƙon da ya yi kuskuren zama. Amma ba a raina ta a gabana. Kullum a majalisa ina kushe sababbin na'urori masu abin saƙalawa a kunne. "Me ake ɓoyewa?" nake cewa. "Tawa in ta ji ƙarfe, duk unguwa sai ta ji."

Ina da gonar gado a ƙauyen Inkil. A bakinta akwai bishiyar mangwaro da mahaifina yake shimfiɗa buzu a ƙarƙashinta, kuma wallahi na fi son bishiyar nan da gonar gaba ɗaya. Bana sai maƙwabcina Hammajoda ya tashi zagaye tasa gonar da katanga saboda shanunsa, ya ja igiya, mangwaron ya faɗa ɓangarensa. Raina ya ɓaci sosai. Muka kira Ladan mai unguwa.

Hammajoda ya ce, "Malam Muktar, ni ban son rigima. Baffana ya gaya mini, ranar da suka raba wurin nan da mahaifinka, tsohuwar garma suka binne a kan iyaka. Inda take ne ban sani ba."

Garma! Ƙarfe! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a ba ni zuwa gobe. A gaban mai unguwa na yi alkawarin duk inda na'urata ta yi kuka, nan ce iyaka, kuma kada wanda ya ƙara magana.

Washegari na sa batir sabo, na zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mutane suka taru. Na fara daga can cikin gonar Hammajoda, inda na tabbata iyakar take. Shiru. Na matso gindin mangwaron, shiru. Na wuce shi na shiga tawa gonar don kawai a ga na yi adalci, sai tsintsiya ta kwarma ihu.

Na yi sauri na ɗauke ta, na ce marfin lemo ne, na san kukansa. Na lallaɓa yatsa zan rage mata murya, sai na tuna maɓallin ya daɗe da mutuwa, ni ne ma nake fahariya da hakan. A lokacin nan da za a ba ni sabuwa mai abin kunne, da na karɓa hannu bibbiyu.

Mai unguwa ya ce, "Malam, mai da ta wurin mu ƙara ji."

Na mayar. Ta sake kwarmawa har shanun suka ɗago kai. Aka kawo diga, ba a yi nisa ba sai ga garma ta ci tsatsa. Mangwaron yana bayanta, a gonar Hammajoda. Ashe duk zaman da mahaifina ya yi a inuwar nan, arzikin maƙwabtaka yake ci.

Hammajoda ya ce, "Inuwar taka ce duk ran da ka zo, Malam. Zan sa ƙofa a katangar." Na yi godiya.

Mai unguwa ya karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Ya ce, "Jama'a, mun daɗe muna yi wa bawan Allahn nan dariya. Tsohon kaya daban ne. Wannan abu ko mai shi ba ya yi wa kara!"

Yabon da na yi shekaru ina jira ke nan. Na saurare shi har ƙarshe, ina tsaye a inuwar mangwaron Hammajoda.