Itacen da Tomeji Ya Mayar Bakin Teku

Duk wanda ya ce maka ya taɓa ganin yashi mai tsabta, tambaye shi ko ya zo Karahama, garinmu na bakin teku. In bai zo ba, bai gani ba. Yashinmu, ko dafaffiyar shinkafa ka zubar a kai kana iya tsincewa ka ci. Kuma ba hukuma ce ta yi ba, ba inji ba ne. Mutum ɗaya ne, Kumagai Tomeji, da manjagararsa da baronsa.

Shekararsa saba'in da tara. Makaranta ba ta gan shi ba sai ranakun da teku ya ƙi shiguwa, amma babu abin da ya rage masa. Shekarar Babban Ruwa, lokacin da teku ya tashi ya shanye gari, shi ne ya rungume reshen wata bishiya har gari ya waye, ga dusar ƙanƙara na zuba masa a ƙeya. In yana ba da labarin, tsawon bishiyar ƙaruwa yake yi duk shekara.

"Teku ya haɗiye ni," yakan ce, "ya ji na yi masa tauri, ya tofar."

Da ruwan ya janye, bakin tekun ba ya ganuwa. Katakon gidaje ne, ƙofofi, tukwane, takalman yara. Tomeji na cikin masu ɗaga katako. A ƙarƙashin wata shuɗiyar ƙofa ya sami amininsa Oikawa, wanda suka yi shekara arba'in suna jan koma tare. Tun daga ranar, in ya ga itace kwance a kan yashi sai ya tuna ƙofar nan. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Abin da mutane suka sani shi ne, kullum da sassafe tsohon yana can yana shara, ko tsinken ashana ba ya bari.

A bana ne 'yar marigayi Oikawa, Sumire, ta zo da zancen tsuntsaye. Ita ce ofishin gari ya ɗora wa kula da wurin wankan teku, kuma ita ce ta lura chidori sun dawo. Chidori 'yan tsuntsaye ne da ba su kai tafin hannu ba, masu gudu a bakin ruwa kamar an murɗa musu zare. Ba sa sheƙa. Sai dai su ɗan tona yashi, su zuba ƙwai uku masu kalar yashin, su kwanta. Sumire ta kewaye ƙuryar arewa, inda suka sauka, da igiya, ta kafa allon gargaɗi.

Konno Shigeo, shugaban kwamitin unguwa kuma abokin wasan Tomeji tun suna yawo ba wando, bai so ba.

"Nan ne wurin da yara ke wasan fasa kankana," ya ce. "Shekara nawa muka yi ba mu ji dariyar yaro a bakin ruwan nan ba? Yanzu da suka fara dawowa sai mu ce su matsa wa tsuntsu?"

Aka yi ta ja. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa in ranar buɗe teku, wato ranar da ake ba mutane izinin fara wanka, ta zo akwai ɗan tsako ko ɗaya a cikin igiyar, igiya ta zauna har ƙarshen bazara. In babu, a naɗe ta, kuma ba a ƙara zancen.

Tomeji ya goyi bayan Sumire, don 'yar amininsa ce, don kuma ya ɓata wa Konno rai. Ya ma yi abin da ya fi haka, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kullum in ya gama shara, kafin kowa ya fito, sai ya tsallaka igiyar a hankali. Idonsa ya fi na Sumire da madubin hangen nesanta. Ya san inda kowane ƙwai yake, ba ya kusantarsu. Amma sauran wurin yakan gyara musu shi tsaf. Ya kwashe itacen da teku ya tofo, ya kwashe ruɓaɓɓiyar ciyawar teku mai tara ƙuda, ya tsince kwanso, ya lallaɓe yashin da bayan manjagara.

"Baƙi ne," yakan gaya wa kansa. "Wa ke sauke mai jego a kan juji?"

Gurbi uku aka yi a bana. Na farko ya ƙyanƙyashe, kwana biyu babu 'ya'yan. Na biyu ma haka. Sumire ta zargi karnuka, ta zargi samarin da ke zuwa da babura. Tomeji ya taya ta zargi, har ya yi wa wani mai kare tas.

Saura gurbi ɗaya, saura kwana uku a buɗe teku.

Washegari da safe Tomeji ya gama gyaransa, ya fito daga igiyar, ya zauna a kan baro ya kwance dunƙulen shinkafarsa. Sai ga Sumire ta gangaro daga matakalar katangar teku, madubi rataye a wuya.

"Kawu, ina kwana. Ka riga ni kamar kullum."

"Ke da kike kwana da agogo? Ni teku ke tashe ni. Zauna, 'ya'yanki sun fito."

Sun fito kuwa. Guda uku, kowanne kamar ɗan curin auduga da aka soka wa tsinke biyu. Tun ba su gama bushewa ba suka fara gudu suna tsayawa, suna caccakar yashi. Sumire ta sa madubi a ido cike da murna.

Daga kan katanga wani baƙin hankaka ya taso.

Uwar ta yi wata 'yar ƙara, nan take 'ya'yan suka lafe. Ita kuma ta ruga gefe tana jan fiffike ɗaya a ƙasa kamar ya karye, tana faɗuwa tana tashi, don hankakan ya biyo ta. Bai ko kalle ta ba. Me zai kalla? Ga yashi shimfiɗe sumul kamar faranti, ga ɗigo uku a kai. Ya sauko ba gaggawa, ya ɗauki na tsakiya, ya koma kan katanga.

Tomeji ya miƙe yana ihu yana kaɗa manjagara, shinkafar ta faɗi. Aikin gama ya gama.

Sumire ba ta sauke madubin ba. Tana ta bin yashin da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Ba su da wurin ɓuya," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ai ya kamata a ce akwai itace. Ɗan tsako in ya lafe a gindin itace ko cikin ciyawa, ko kai ba ka ganinsa. Abincinsu ma a ciyawar yake, ƙananan ƙwarin nan. Ni na ɗauka teku ne bai kawo komai ba a wannan ƙuryar..."

Sai ta ga layukan. Siraran layukan manjagara a jere a cikin igiyar, masu kyau, irin waɗanda hannu ɗaya kaɗai ke iya ja a Karahama.

Ta sauke madubin ta dube shi.

Mutumin da ya yi wa teku gardama, yau ya rasa inda zai sa idonsa. Ya cire tawul ɗin da ke ɗaure a kansa ya riƙe da hannu biyu.

"Gyara musu nake yi," ya ce.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun ranar da kika ɗaura igiya."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauki shinkafar da ta faɗi, ta kakkaɓe yashin, ta ajiye masa a bakin baro.

"Ina kake kai itacen?" ta tambaya.

Yana can bayan katanga, tuli guda, yana jiran motar shara. Tomeji ya tura baro ya je ya tsaya a gabansa. Ga rassa da gishiri ya cinye suka yi fari, ga guntayen gora, ga ciyawa ta bushe ta yi baƙi. A saman tulin akwai wani faffaɗan katako da ragowar shuɗin fenti a jikinsa. Ya daɗe yana kallon katakon nan. Kwashe itace daga kan yashi ya san shi. Hannunsa ma na yi ba da saninsa ba. Amma ya ɗauka da kansa ya kai ya kwantar, wannan bai taɓa zato ba.

Sumire ta iso bayansa. "Bari in ɗauka, Kawu."

"Matsa can. Da wannan hannun naki na riƙe biro? Ni na kwashe, ni zan mayar."

Ya ɗaga katakon. Babu komai a ƙarƙashinsa sai 'yan ƙwari da suka watse. Ya saki numfashi, ya ɗora shi a baro.

Sawu goma sha ɗaya ya yi. Shi yana cewa ashirin, amma goma sha ɗaya ne. Sumire na tsaye a bakin igiya tana nuna masa inda 'ya'yan suke, shi kuma yana zagayawa nesa da su, yana ajiye reshe nan, ciyawa can, kwanso a warwatse. A sawu na uku ya daina jin maganarta.

"Ba haka teku ke ajiye kaya ba," ya ce. "Layi yake yi, inda ruwa ya tsaya. Shekara nawa ina kwashewa, ke za ki koya mini yadda yake zubawa?"

Ana cikin haka sai ga Konno a kan keke, ya zo duba inda za a kafa rumfar biki. Ya taka birki har ya kusa kifewa.

"Tome! Tsufan ne ya iso? Jibi malamin ɗakin bauta zai zo, da mutanen ofis, da masu ɗaukar hoto, kai kuma kana zuba mana juji?"

"Jujin nawa ne, ina ruwanka?"

"Kai da ka kusa dukan jikana a kan bawon lemo!"

"Jikanka ya gado ka wajen ƙazanta. Wannan aiki ne, ba ka gane ba."

Konno ya jingine keken ya matso, sai idonsa ya faɗa kan shuɗin katakon da ke kwance a yashi. Shi ma yana wurin ranar da aka ɗaga ƙofar nan. Ya dubi katakon, ya dubi Sumire, ya dubi abokinsa da gumi ya jiƙe wa riga.

"Alkawari dai na nan," ya ce a ƙarshe. "In babu tsako ran buɗe teku, da hannuna zan naɗe igiyar."

"Ka shirya hannun naka ya huta."

"Kuma ka sha ruwa, tsohon banza, kafin ka faɗi a ce mu muka kashe ka." Ya ciro gorar shayin sha'ir mai sanyi daga kwandon keke ya jefa masa.

Kwana biyun nan Tomeji bai bar bakin igiyar ba sai in rana ta faɗi. Hankakan ya zo sau ba adadi. Yakan yi shawagi, ya sauko ƙasa ƙasa, ya karkata kai yana leƙe, ya koma. Shirwa ma ta gwada. Shi kansa Tomeji, mai idon da yake taƙama da shi, sau da yawa yakan nemi 'ya'yan ya rasa, sai can ya ga wani ɗan curi ya ɓalle daga jikin ciyawa ya ruga.

Ranar buɗe teku gari ya cika. Malamin ɗakin bauta ya zo cikin fararen kaya, ya yi addu'ar neman lafiyar masu wanka, ya zuba wa teku giyar shinkafa. Yara na ta tsalle suna jiran a ce su shiga. Kafin a ce, Konno ya taka har ƙuryar arewa, 'yan kwamiti na biye da shi, ya karɓi madubin Sumire.

Ya duba. Ya sake dubawa.

"Ni ban ga komai ba sai tarkace."

"Haka hankaka ma ya ce," in ji Tomeji.

Aka yi dariya, amma Sumire ba ta yi ba, don ita ma ba ta gan su ba tun safe. Tomeji ya bi layin ciyawar da ido, ya bi gora, ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Babu. Wurin da bai so ya kalla ba shi ya rage.

A ƙarƙashin bakin shuɗin katakon, inda ya ɗan ɗaga ya yi inuwa, wani abu ya motsa. Ɗaya ya fito ya miƙe ƙafa. Na biyu ya biyo shi, ya yi tuntuɓe da kwanso, ya tashi.

"Ga su can, makaho," Tomeji ya ce. "Juya madubin, ka riƙe shi a baibai."

Konno ya daɗe yana kallo. Da ya sauke, sai ya juya ga 'yan kwamiti ya ce a kai kankana ƙuryar kudu.

Igiyar ta zauna har ƙarshen bazara. Tomeji na nan yana shararsa kullum da sassafe, daga matakala har ƙarshen kudu, ko tsinken ashana babu. In ya iso igiyar sai ya jingine manjagara. Da rana kuma yakan kifa akwatin kifi ya zauna a wurin, ya tare duk baƙon da ya ce me ya sa aka bar nan da datti.

"Datti? Je ka zagaya ƙasar nan kaf, in ka sami wanda ya iya jera itace kamar wannan, dawo ka gaya mini. Teku da kansa ya zo ya gani, bai gyara ko ɗaya ba."

Sati huɗu bayan buɗe teku, da safe, 'ya'yan biyu suka tashi sama. Ba su yi nisa ba, iyakarsu bakin ruwa suka sauka. Sumire ta ce taku talatin ne. Tomeji ya ce ɗari.